Motar Modu da Ta Yi Ta Kiran Sunana

Tun ranar da na dawo daga Kusuri tabarmar tsakar gidana ba ta huta ba. Wannan ta shigo, "Ya Fati, yaya hanya?" Waccan ta leƙo ta katanga, "Ya Fati, wai da gaske motar Modu magana take yi?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wadda na ba wa sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai ƙofar gidanta. Jiya a wajen markaɗe na ji ana cewa wai tashi sama motar ta yi da mu muka tsallake gada. To ga shi na zauna na rubuta da ɗan karatun yaƙi da jahilcina. Wadda ta iya ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata, ni dai a bar ni in sha kununa da zafinsa.

Kun san ni. A Abbaganaram aka haife ni, a nan aka yi mini aure, gida uku tsakani. Tafiya mafi nisa da na yi a shekarun nan ita ce Khaddamari, ta'aziyya, ita ma sai da na kwana biyu ina gasa baya. Shekara biyu ke nan da aka kai 'yata Yagana Kusuri, can cikin Kamaru, gidan wani ɗan kasuwa, amma ko ganin ɗakinta ban je ba. Yau in ce ƙafa, gobe in ce damina, jibi in ce hanya ba kyau. Mun shirya za ta zo gida ta haihu, sai haihuwa ta riga mu. Ranar Alhamis ta sauka, mace.

Da yamma ta kira ni. Muryarta a ƙasa, kamar mai tsoron a ji.

"Mama, matan gidan nan sun tambaye ni wai uwata tana da rai? Na ce tana nan lafiya lau. Sai suka yi shiru. Mama, in ba ki zo suna ba, ban san abin da zan ƙara ce musu ba."

Ba ta yi kuka ba. Da ma kukan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na ajiye waya na ce ko a kan jaki ne, Alhamis mai zuwa da safe sai an gan ni a gidan nan.

Da jakin na samu, da na huta.

Ni niyyata in shiga motar haya a tashar Muna kamar kowa. Sai ga ƙanina Modu, wanda kuka sani, mai sayar da kifi banda a kasuwar hanyar Baga. Sati uku kafin nan ya sayo mota daga Kwatano, 'yar Beljiyam, kuma tun daga ranar ba a ƙara jin wata magana a bakinsa ba. Ya ce ina, yayarsa ba za ta shiga motar haya ba yana raye.

Bari in kwatanta muku ita, don na ga wasu sun ce jif ce. Ba jif ba ce sosai, ba kuma ƙaramar mota ba. Jemage ce, ba ta tsuntsu ba ta dabba. Ja wur kamar tattasai, tana ƙyalli har ka ga haƙoranka a jikinta. Fitilun gaba a tsuke kamar idon kyanwar da aka taka wa wutsiya. Bayanta a zube, kamar wani ƙato ya zauna a kai kafin ta bushe. Tayoyin kuwa ƙarfe ne ya cinye su, robar 'yar siririya kamar awarwaro. Gaskiya tana da kyau. Irin kyan da in ta tsaya a layi yara ke daina wasa, tsofaffi su gyara zama.

"Ya Fati, wannan ba mota ba ce," in ji Modu yana shafa ta. "Wannan sifot ce."

"Mene ne kuma sifot?"

"Ta 'yan gudu."

"Wa ya biyo ka?"

Ya zagaya bayanta, ya miƙa ƙafa ƙarƙashi kamar mai korar kaza, sai ga but ya buɗe da kansa a hankali. Maƙwabta suka ɗauki salati. Ni kuwa na leƙa ciki na ga wurin da ko akwatin lefe biyu ba zai ci ba.

Ku kun san kayan jego. Gero rabin buhu, kanwa, yaji, kuka, daddawa, man shanu, kwalaben humra da turaren wuta. Sai tukunya. Tukunyar nan ta dalma da uwarmu ta dafa mini ruwan wanka da ita lokacin da na haifi Yagana, ita na ce sai an dafa wa Yagana da ita. Muka sa gero, but ya cika. Muka tura kanwa, ƙofa ta sauko ta taɓa buhu ta koma sama tana ƙara, tit, tit, tit, kamar an zage ta. Modu ya ɗaga ƙullin daddawa da yatsa biyu.

"Wannan ba zai shiga ba. Kujerun fata ne. Man shanu ma haka. Kuma kar a buɗe mini turare a ciki, tana da ƙamshinta."

Na ce to. Da ya shiga gaida maƙwabci na zuba su duka a cikin tukunya na rufe. Tukunya kuma ta ƙi shiga baya, rufin ya yi ƙasa. Ƙarshe dai gaba na zauna na rungume ta a cinya, murfinta a ƙarƙashin haɓata. A haka na bar Maiduguri.

Abu ɗaya na tambaya kafin mu tashi. Marigayi maigidana direban babbar mota ne, shekara ashirin ina gane motarsa da ƙara tun tana kwanar Mafoni, don haka ba a yi mini burga da mota. Na ce, "Modu, ina safaya?"

"Irin wannan ba a sa mata safaya. Turawa sun wuce nan."

"Turawa sun taɓa bin hanyar Dikwa?"

Ranar Talata ce. Muka isa Muna da sassafe muka shiga layi, don kun san hanyar Gamboru ba a bin ta kai kaɗai, sai an taru an yi ayari sojoji su raka. Direbobi suka kewaye mu. Mai taɓa madubi, mai leƙa salansar hayaƙi yana cewa biyu ce, mai ɗaukar hoto. Modu ya gyara hula ya jingina da ƙofa, baki har kunne. Wani dattijon direba Bashuwa ya daɗe yana kallon tayoyin, sannan ya ce, "Alhaji, barka. Amma wannan amarya ce fa. Ba a kai amarya gona." Modu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ayari ya motsa wajen hantsi. Ba mu yi nisa da shingen ƙarshe ba sai na ji muryar mace, a sanyaye, daga cikin allon gaban motar:

"Fati, dami, tir."

Na kusa sakin tukunya.

"Modu, wa ke nan?"

"Motar ce. Faransanci take yi."

"Faransancin ne ya san sunana? Ta ce Fati. Kuma ta ce tir. Me na yi mata?"

"Gaisuwa ce, Ya Fati."

"Kai ka ji Faransanci?"

Jim kaɗan muryar ta sake: "Fati, dami, tir." Ni kunnena ba ya ƙarya. Na karanta Ayatul Kursiyyu na tofa a dama, na tofa a hagu, na tofa wa allon. Modu ya goge da hannun riga, ya shiga danne-danne yana neman inda ake kashe ta. Ya danna nan, waƙa ta tashi. Ya danna can, labulen rufi ya zuge, ashe saman gilashi ne, rana ta sauko mini a tsakar ka. Ya danna wani, ba abin da ya faru. Muka ce wannan ba ya aiki. Ku riƙe wannan.

Abin da zai ba ku haushi, motar 'yan gudu a cikin ayari ba ta wuce kowa. Wata tirela ce a gabanmu cike da siminti, tana tafiya kamar saniya mai ciki, mu kuma muna bin ƙurarta. Sau ɗaya tak, gab da Mafa, tirelar ta ba da rata a wani wuri mai kwalta lafiyayya. Modu ya ce, "Riƙe tukunyarki." Ya murɗa wani abu, motar ta yi gurnani daga can ƙasan cikinta, na ji bayana ya manne da kujera, bishiyoyi suka zube baya. Ba girgiza, ba ƙarar kwano, ba warin mai, sai sanyi da santsi kamar ana jan ka a kan ruwa. Wallahi na ji daɗi, har wata dariya ta kufce mini. Kada ku gaya masa. Ko numfashi goma ba a yi ba muka sake cin karo da gindin tirela.

Daga nan jikina ya fara. Zafi ya taso mini daga ƙasa, ya hau ƙugu, ya kama gadon baya. Ga sanyin na'ura yana dukan fuskata, ga ni ina jiƙewa da gumi. Na ce shi ke nan, matar nan ta allo ta gama da ni. Na fara yi wa Modu wasiyya: a ba Yagana tukunya, a ba Ya Kaka maƙwabciyata awakina biyu, shi kuma kada ya sayar da ɗakin uwarmu.

A Dikwa ayari ya tsaya. Modu ya ruga ya samo wata malamar asibiti a cikin fasinjojin motar haya, Madam Saratu, mutuniyar Biu, mai fara'a. Ta taɓa goshina ta ce sanyi ƙalau. Ta kama hannuna ta fito da ni, ta dafa kujera don ta ɗauko mini mayafi, sai ta janye hannu da sauri.

"Mama, ai ba ke ba ce, kujerar ce! Ko masa a zuba a nan za ta soyu."

Ashe maɓallin nan da muka ce ba ya aiki, na gasa kujera ne. Wai a ƙasar Turawa sanyi yana hana su zama. Madam Saratu ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Na dubi Modu na ce, "A Borno. A watan zafi. Ka sayi murhu ka ɗora yayarka." Ya ce ai wannan yana nuna motar cikakkiya ce, ba abin da aka cire mata.

Bayan Dikwa dariya ta ƙare. Kwalta ta zama tsibiri-tsibiri, rami na bin rami. Motocin haya tsofaffi suna faɗawa suna fita abinsu, tamu kuwa kowane rami sai Modu ya ce "wash" kamar ƙafarsa ce. Can muka faɗa wani mai kaifin baki, ƙum! Muka fita. Sai na ji wani sabon sauti a baya, hannun dama, faf, faf, faf, ƙasa-ƙasa.

"Modu, tayar baya ta tafi."

"Ba komai, hanya ce."

"Ta dama. Na ce maka ta tafi."

Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa. Ba wanda ya ce a tsaya. Kun san wurin, ba sai na faɗa ba: kangaye hagu da dama, gidajen da ba kowa, ciyawa ta cinye masallaci. Wanda ya fita daga ayari a nan, sai dai Allah. Na ƙanƙame tukunya ina ta Hasbunallahu, ina jiran in ji ƙarfe ya taɓa ƙasa. Ita kuma matar allo ba ta fasa ba, Fati dami tir, Fati dami tir.

Ƙarfe bai taɓa ƙasa ba. Motar ta ci gaba da bin tirela, faf, faf, faf, har muka ga rufin kwanon Gamboru da la'asar. Mai faci ya duƙa ya duba ya ce ba iska ko ta busa kyandir a ciki, amma irin tayar nan ce mai ƙashi a gefe, ko ta fashe tana ɗaukar mota ta kai ta gari. A nan na sara mata. Abin da ta yi, motar marigayi ba za ta yi ba.

Sai dai mai faci ya ƙara da cewa gefen ya tsage, kuma duk Gamboru ba mai irin tayar. Sai Maiduguri, ko Kano, ko Injamena.

Muna zaune a kan bencin mai faci na sauke wa Modu duk abin da na tara tun daga gida. Na ce mutum da furfurarsa ya sayi motar samari, ba ta ɗaukar kaya, ba ta da safaya, tana gasa mutane, tana zagin baƙi. Na ce in ban kai Kusuri ranar Alhamis ba, shi zai je ya gaya wa matan gidan can cewa ina da rai. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, yana kallon ƙasa:

"Ya Fati, shekara talatin duk inda na shiga sai wani ya ɗaga hanci ya ce an kawo kifi ne. Ɗaurin aure, asibiti, sahun masallaci. Ko na yi wanka sau uku. Ranar da na shiga motar nan na rufe ƙofa, sai na ji shiru, na ji ƙamshin fata. Ban ji kifi ba. Na kai rabin awa a zaune ban tayar da ita ba."

Na tuna da abin da ke cikin tukunya.

Gidan wani abokin cinikinsa muka sauka. Matar gidan, Hajja Amsa, Bashuwa ce doguwa, ta tarbe ni da lale kamar ta san ni. Kafin in zauna na ciro ƙullin daddawa na danƙa mata na ce tsaraba ce daga Yerwa, Maidugurinmu. Ta yi ta godiya, ba ta san ni ce ke godiya ba. Ta kawo kisra, wani abu kamar sinasir amma siriri har kana hango hannunka ta ciki, da miyar busasshiyar kuɓewa mai yauƙi. Na ci, amma cikina bai san na ci ba, sai tunanin birabiskona nake. Shayinsu kuwa a ɗan kofin gilashi, baƙi ƙirin, sukari har cokali na tsayawa. Sauron Gamboru kuma ba ya kuka kafin ya ciji mutum, ba shi da tarbiyya irin namu.

Laraba tun safe mai faci ya hau aiki. Ya yanko ɓallin tsohuwar tayar babbar mota ya shimfiɗa ta ciki, ya nemo tib ya cusa, ya ce wannan dabarar ba a littafin Bature take ba, amma a bi a hankali. Modu na tsaye a kansa kamar wanda ake yi wa matarsa tiyata. Sai bayan azahar muka nufi gada.

Gadar nan ko tsawon layinmu ba ta kai ba. Amma kana tsallakawa tuta ta canja, kaki ya canja, burodi ya zama dogo kamar sandar makiyayi, ana rataye shi a hammata ba ko leda. Fotokol ke nan. Wani jandarma mai tumbi ya karɓi takardunmu ya ce a buɗe baya. Modu ya gyara riga ya miƙa ƙafa ƙarƙashin mota. Shiru, laka ta toshe abin. Ya sake shuri. Ya sake, da ƙarfi, har takalminsa ya fice ya faɗa gaban jandarma. Mutumin ya ja da baya ya dafa ɗamara. Na leƙo ta kan tukunya na ce, "Ranka ya daɗe, ba kai yake hara ba, haka ake buɗe ta." A daidai nan matar allo ta ce nata.

Jandarma ya tsaya. Ya sunkuyo ta taga ya saurara, ta sake faɗa. Sai ya fashe da dariya har tumbinsa na rawa.

Na ce, "Don Allah me na yi mata? Tun Maiduguri take kiran sunana tana tir da ni."

Hausarsa a karkace take amma ana ji. "Hajja, ba sunanka ba ne. Fet demi-tur. Ya ce ku juya. Ku juya ku koma, da wuri-wuri." Ya danna allon, wata taswira ta fito. "Ga shi. Nasara mai mota na farko ya sa gidansa a ciki. Mota yana neman hanyar gida. Duk inda ka bi, shi gida yake so."

Ya ba mu takardunmu yana share hawaye. Muka matsa gaba kaɗan, Modu ya faka a gindin wata bishiya ya kashe mota.

"Ya Fati, ko dai ishara ce? Kin ji an ce hanyar gaba ta fi ta baya lalacewa. Tayar nan ɗinki ce. Mu koma gidan Hajja Amsa, ki yi wa Yagana waya, kowa ya san kin yi ƙoƙari. Bayan suna sai a zo a natse."

Ku da kuka san ni, kun san wannan ita ce maganar da na fi so a duniya. Juya ki koma. Shekara biyu ita nake gaya wa kaina, ba da Faransanci ba. Na ga ɗakina, na ga inuwar dalbejiyata, na ga butata a inda na bar ta. Sai kuma na ji muryar yarinyar nan, ƙasa-ƙasa: sai suka yi shiru.

Na ƙwanƙwasa allon da murfin tukunya.

"Ke baiwar Allah, na ji ki. Ni ma gida nake so, na fi ki so. Amma ba inda za mu juya. Modu, tayar da mota."

Hanyar ba zan ba ku labarinta ba, ƙuguna ne ya san ta. Motar gudu ta koma tafiyar hawainiya, masu amalanke na wuce mu suna gaishe mu. Magariba ta kama mu a wani gari Maltam, aka ce ba a wucewa sai safiya. Muka kwana a wani masauki da suke kira obaj, ɗaki kamar akurki, muka ci dogon burodin nan da wake. Ɓawonsa ya kusa cire mini haƙori, cikinsa kuma iska. Abin da ya ba ni mamaki, mata da zanensu suna tuƙa babur, ba mai ko waiwayarsu.

Alhamis muna idar da asuba muka fito. Taya ta kwanta. Wannan karon kwanciya ta gaske, ta baje kamar fanke, ƙashin gefen ma ya gaji. Modu ya tsuguna a gabanta ya dafe kai. Gari na wayewa, kuma kun san ba a jiran kowa da raɗin suna.

Na hango masu babur a bakin hanya, kilando suke ce musu. Rabona da hawa babur tun kafin a hana su a Maiduguri, lokacin ƙuguna na da sauran mai. Na yafito wani mai furfura a gemu, don ba zan ba yaro raina ba. Na karanta masa sunan unguwar su Yagana daga 'yar takardar da na rubuta. Na tattare lafaya, na hau, na ɗora tukunya a ka na riƙe da hannu ɗaya, ɗaya hannun na damƙe ƙarfen baya.

"Ya Fati, za ki faɗi!"

"In na faɗi ka ce musu ina da rai har Maltam."

Mutumin nan ya tashi. Wannan ce sifot, ba ta Modu ba. Iska ta cika mini lafaya na zama kamar tanti, murfi na kaɗawa a kaina, ƙwal, ƙwal, ƙwal, karnuka na bin mu. Salatin da na yi a hanyar nan ya ishe ni guzuri.

Muna shan kwanar layin na ga maza zaune a kan tabarmi, rago ɗaure, liman yana gyara zama. Duk suka juyo suna kallon tsohuwa da tukunya a ka. Ban tsaya gaisuwa ba, na kutsa cikin gida. Mata cike da tsakar gida, ba wadda na sani. Sai ga Yagana a bakin ƙofar ɗaki, ta rame, jaririya a hannu. Ta dube ni, ta dubi tukunya, ta gane ta. Ba ta rugo ba. Ta juya wajen matan nan ta ɗaga murya yadda na bayan katanga ma zai ji:

"Ga uwata."

Ban sauke tukunya ba aka shigo da sanarwa daga waje. Sunan yarinya Falmata, wato Fati a bakinmu na Borno. Ni ke nan.

Modu bai iso ba sai azahar, shi a gaba, motarsa a bayan wata babbar mota da ya samu ta ɗauko ta. Babbar motar kuwa kifi banda ta sauke, warinsa ya kama komai. Ya buɗe ƙofar jar motarsa ya sa kai, ya fito. Na ga idonsa. Na aika aka kawo mini kasko da garwashi, na buɗe kwalbar turaren da na haɗa da hannuna, wanda ya hana a buɗe. Kwana uku ina turara ta safe da yamma kafin tayarsa ta zo daga Injamena. Rana ta uku ya shiga ya rufe ƙofa, ya daɗe, sannan ya sauke gilashi ya ce, "Ya Fati, akwai saura?"

Murhun ma bai tashi a banza ba. Da na ba surukar Yagana labari, sai ta ce a gwada. Aka zaunar da maijego a kujerar aka danna. Yagana ta lumshe ido ta ce bayanta ya saki. Tsohuwar ta zagaya motar sau biyu ta ce lallai Nasara sun san jego.

Kun san ba a kiran mai sunan kaka da sunanta gatsal, sai an sakaya. Ana ta shawara, wannan ta ce Hajja, waccan ta ce Ummi. Modu na cin naman suna ya ce, "Ku kira ta Damitur." Aka yi dariya, na jefe shi da mafici. To wallahi ya bi ta. Har uban yanzu Damitur yake cewa. Jikata guda, an sa mata sunan juya ki koma.

Sai da na yi arba'in cur, ni da ban iya kwana a Khaddamari. Modu ya dawo ya ɗauke ni, da safaya sabuwa ɗaure a kujerar baya, ta cinye wurin mutum biyu. Tukunya na bar wa mai ita. Modu ya ce ya samu wanda zai cire muryar, na ce ya bar ta.

Da muka tsaya a ƙofar gidana, nan Abbaganaram, na ga dalbejiyata, na ji ƙamshin layinmu, har na sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Sai ta ce, a sanyaye kamar kullum, "Fati, dami, tir."

Na shafa allon na ce, "Sannu, 'yar'uwa. Ni dai na iso."